Kyautar Abokin Gaba

Duk wanda ya saba yawo cikin birnin Zariya da la'asar sakaliya, da wuya a ce bai taɓa ganin dattawa a gindin itace sun haƙa gurabun dara ba. Gurbi talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokin wasansa guda. To, in ka daɗe kana kallo za ka lura da wani abu. Gwani yakan bar maka ci a fili, kamar ya yi mantuwa. Kai kuwa sai ka ɗaga ɗanka da murna ka ci, ba ka sani ba ashe ɗan nan da ka ɗaga shi ne ya tare masa hanya. Kafin ka farga ya shiga ɗibar naka ɗai-ɗai, 'yan kallo suna dariya.

Abin tambaya a nan shi ne, in abokin gaba ya miƙo maka abu, karɓa ta fi ko ƙi?

Akwai wata irin dara da Larabawa ke kira shaɗaranji, wadda Turawa suka yi nisa a cikinta. Gidajenta 64 ne, kowane gefe da mayaƙa 16, watau sarki, da sarauniya, da giwaye biyu, da dawakai biyu, da hasumiya biyu, sa'an nan dakaru takwas a sahun gaba. Dakare shi ne mafi ƙanƙantar daraja. Tun a farkon wasa wani yakan tura dakarensa da gangan inda za a cinye shi. Ba hauka ba ne. Lokaci yake saye, gama yayin da kake ci kana tsaron abin da ka ci, shi yana fito da manyan mayaƙansa, ya kuma sami hanya buɗaɗɗiya zuwa ga sarkinka. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

A shekarar 1851, a birnin Landan, wani Bajamushe malamin lissafi, Adolf Anderssen, ya yi wa Lionel Kieseritzky irin wannan tayi tun a motsi na biyu. Kieseritzky ya ci dakaren. Can aka bar masa giwa, ya ci. Aka bar masa hasumiya duka biyu, ya kwashe. Daga ƙarshe har sarauniya aka miƙa masa, ya cinye, don a lokacin ba shi da sauran zaɓi. A motsi na 23 aka rutsa sarkinsa da giwa guda da dawakai biyu. Dakaru uku kaɗai ya yi hasara, amma sarauniyarsa tana can lungu mai nisa inda ci ya kai ta, hasumiyoyinsa kuwa ko motsawa ba su yi ba.

Mai karatu zai ce, ai magana ta ƙare, kwaɗayi mabuɗin wahala, sai a ƙi karɓa. Ni ban yarda da haka ɗungum ba. Mutumin da ke gudun kowace kyauta don tsoro, shi ma juya shi ake yi, gama abokin gaba ya gane lagonsa: da ya yi barazana sai a ba shi wuri. Kuma ba kowane tayi ne ke da ƙarfi a bayansa ba. Wani burga ce kawai, in ka karɓa ka dake sai mai ita ya tashi a tutar babu.

Wanda ya fi burge ni a wannan batu shi ne Emanuel Lasker, wanda ya riƙe sarautar wasan nan ta duniya shekara 27, daga 1894 zuwa 1921. A zamaninsa akwai wani tayin dakare da ya addabi mutane, wanda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Evans ya ƙago. Lasker ya nuna a karɓi dakaren, amma kada a manne masa. Ka fito da mayaƙanka, ka gyara gidanka, in abokin wasa ya zo ƙwatar abinsa ka sakar masa. Ya sami dakarensa, amma zafin harin ya huce, sahunsa kuma ya wargaje. Watau Lasker ya karɓa da hannu a buɗe. Abin da ya kā da Kieseritzky ba ci na farko ba ne. Ci ne ya yi masa daɗi har ya manta gida.

Amma fa a kan allo ake iya mayar da kyauta. A zaman duniya akwai wadda in ta shigo ba ta fita, kuma mutanen Zazzau ba su bukatar a tafi da su Landan kafin su ga misali. Bayan da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya faɗo ƙasar Zazzau yana kai hari. Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ga kuwa Turawa da bindigogi suna shirye su taimaka. Ya karɓi taimakon. A 1902 suka zo suka kama Nagwamatse, ƙasa ta huta.

Kada mu yi gaggawar zargin Kwasau, mu da muke zaune a inuwa. Talakawansa ake kamawa, wa zai ce ya naɗe hannu? Mai yiwuwa ko da ya ƙi, da Turawan sun zo ta wata ƙofa, don Kano ma ba ta gayyace su ba, suka ci ta da yaƙi a 1903. Abin da ya bambanta shi da Lasker guda ne: Lasker yana da ikon ya ce ga abinku, shi kuwa ba shi da shi. Sojan da suka kawo gudunmawa ba su koma ba, aka ajiye Razdan Abadie a Zariya. Ba a daɗe ba aka tuɓe Kwasau aka kai shi Wushishi, a 1903 kuma aka naɗa Aliyu ɗan Sidi Sarkin Zazzau.