Almubazzaranci: Asara Ce Kawai, Ko Kuwa Zunubi Ne?

Mun saba ɗaukar ɓarnar kaya a matsayin asarar mai kaya shi kaɗai. Mukan ce kuɗinsa ne, ya yi yadda ya ga dama. Muna so mu auna wannan magana da misalin wani kamfani na ƙasar Ingila, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafi kowane gida.

Kamfanin National Grid shi ke riƙe da manyan layukan wutar lantarki na Ingila da Wales, da dubban turakun ƙarfe da ɗaruruwan tashoshin rarraba wuta. Irin wannan aiki yana cin ƙarfe da jan ƙarfe da alminiyum da siminti masu ɗimbin yawa. Tsohuwar hanya ita ce a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a zubar. Sabuwar hanya kuwa, wadda masana ke kira tattalin zagaye, tana neman kowane kaya ya daɗe yana aiki, in ya lalace a gyara shi, in ya ƙi gyaruwa a narkar da shi ya koma sabo. Dalilin a fili yake: narkar da tsohon alminiyum yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen sarrafa sabo daga ma'adini, jan ƙarfe kuma ana iya narkar da shi sau da yawa ba tare da ingancinsa ya ragu ba.

Akwai kuma wata iska mai suna SF6 da ake ɗurawa cikin na'urorin tashoshi domin ta hana tartsatsin wuta. Tana da amfani ƙwarai, amma idan ta tsere, kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya fiye da kilo 23,000 na iskar kabon, kuma tana daɗewa a sararin sama shekaru kusan 3,200. A shekarar 2021, a tashar Richborough da ke yankin Kent, kamfanin ya haɗa hannu da Hitachi Energy aka zuƙe wannan iska daga wasu na'urori masu aiki, aka maye gurbinta da wadda cutarwarta ba ta kai haka ba. Ba a rushe tashar ba, ba a kuma zubar da na'urorin ba.

Mai tunani zai iya cewa wannan ba nagarta ba ce, lissafi ne. Kamfani yana tattali domin jan ƙarfe ya yi tsada, domin hukuma ta sa masa ido, domin masu hannun jari suna son riba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu da ikon leƙa zuciyar kowa. Amma koyarwar Ikilisiya tana duba abubuwa uku cikin kowane aiki: aikin kansa, da niyyar mai yinsa, da yanayin da aka yi shi. Neman riba ta halal ba mugunyar niyya ba ce. Iskar da ba ta tsere ba, ba za ta cutar da jikokin kowa ba, ko da lissafi ne ya tsare ta. Inda za a gane gaskiyar irin wannan kamfani shi ne ranar da tattali ya fi ɓarna tsada. Wanda ya ci gaba da tattali a wannan rana, shi ne ya nuna cewa ya ɗauki abin da ke hannunsa a matsayin amana.

A kan amana kuwa amsarmu ta tsaya. Jan ƙarfen da ke cikin waya ba mutum ne ya halicce shi ba. Ya same shi ne a cikin ƙasa, yawansa yana da iyaka, kuma waɗanda ba a haifa ba tukuna suna da rabo a ciki. Bisharar Yohanna, sura 6, ta ba da labarin yadda Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, sa'an nan ya umarci almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando goma sha biyu. Wanda ke da ikon yawaita gurasa bai yarda a tattake ragowarta ba. A shekarar 2015 marigayi Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato Si', ya soki al'adar amfani-a-yar, ya kuma nuna cewa masana'antunmu ba su koyi darasin halitta ba, inda abin da ya ruɓe ke zama abincin sabon tsiro. Don haka muke cewa ɓarna da gangan zunubi ce, gama tana tauye haƙƙin maƙwabci, ko da maƙwabcin bai zo duniya ba tukuna.

Kada mu ɗauka wannan hikima baƙuwa ce a wurinmu. Maƙeranmu sun daɗe suna narkar da tsohon alminiyum su zuba tukwane, tsohuwar taya tana zama takalmi da guga, 'yan gwangwan kuma suna ciyar da iyalansu da abin da wasu suka yar. Sai dai a nan ne haɗari yake. Kasuwar da ke sayen tsohon ƙarfe ba tare da tambayar asalinsa ba, ita ce ke sa a kwance turakun lantarki, a yanke waya, a farke taransifomar unguwa cikin dare. Mun ɗanɗana abin da rashin babban layi ke jawowa a watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu: magani ya lalace a asibitoci, masu niƙa da masu walda suka zauna hannu banza. Ƙarfen sata ma yana zagayawa ya koma sabo, amma zagayensa zalunci ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai saye da ya kau da kai yana da rabo cikin laifin.

Saboda haka tattali na gaskiya yana tafiya da gaskiya da adalci. Ya kuma bambanta da rowa, domin marowaci yana ɓoyewa don kansa, mai tattali kuwa yana adanawa domin abin ya isa kowa.

Bari mu fara daga inda muke. Mu kashe fitilun majami'a da na makaranta idan an tashi. Mu gyara kujera da fanka kafin mu nemi sababbi. Dillalin ƙarfe da ke cikinmu ya tambayi inda kaya suka fito, ya ƙi abin da ya san na jama'a ne. Allah ya sa a same mu amintattu cikin ƙaramin abu. Amin.