Ladan Kuturu da Akwatin Ƙuri'a

Birnin Kudu da Gwaram gundumomi biyu ne maƙwabtan juna. A zamanin En'e suna cikin ƙasar Kano, can kudu maso gabas wajen iyakar Lardin Bauci, tun 1991 kuwa suna cikin Jihar Jigawa. Mutanensu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Kafin zuwan siyasar jam'iyyu, abin da talakan wurin ya sani game da mulki bai wuce tsani guda ba: mai unguwa, dagaci, hakimi, sa'an nan Sarkin Kano. Ta wannan tsani haraji ya ke hawa, ta nan kuma umarni ya ke saukowa.

Cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da ma ƙungiyar ma'aikata da masu ilmin boko ce, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, a ke ce da ita NPC. Alamarta fartanya. Yawancin sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e da manyan attajirai suna bayanta, daga 1954 kuma Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, shi ne shugabanta. Abokiyar karawarta ita ce NEPU, jam'iyyar neman sawaba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mai alamar tauraro, wadda Malam Aminu Kano ya ja ragamarta.

A ƙauye dai ba a ganin Sardauna, sai a hoto. Jam'iyya a wurin mutumin ƙauye ita ce shugaban reshe da sakatare da ma'aji, mutanen da ya san iyayensu. Ita ce ranar lacca, sa'ad da a ke karɓo takardar izni daga En'e, a kafa rumfa a bakin kasuwa, mota mai lasifika ta iso da ƙura, maroƙa su yi ta kirari, a rarraba goro. Ita ce kuma bin gida gida da dare, wanda ya fi laccar aiki nesa ba kusa ba. A cikin wannan bin dare ne tambayar da za a duba a nan ta ke tasowa.

A ƙaddara wani magidanci a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, ana gobe zaɓen Tarayya na 12 ga Disamba 1959. Bayan lisha aka aiko kiransa zuwa zauren mai unguwa. Ya tarar da maƙwabtansa zaune, ga ɗan jam'iyya ya zo daga gari. Aka miƙa wa kowa goro da sule biyu. Can sai aka ɗauko Alƙur'ani, aka ce kowa ya dafa, ya rantse gobe akwatin fartanya zai jefa takardarsa. Magidancin nan kuwa zuciyarsa tana wajen tauraro, gama yana ganin kuɗin harajin da a ke yanka masa ya fi ƙarfin gonarsa. Ya dubi mai unguwa, ya dubi maƙwabta, ya dafa. Gari ya waye, ya karɓi takarda, ya shiga ɗan ɗakin da aka jera akwatuna, kowane da alamar jam'iyyarsa, ba mai ganinsa sai Mahaliccinsa. To, wane akwati ne ya wajaba a kansa?

Dattawan fartanya ba su ga wata wahala a cikin tambayar ba. Suka ce alkawari kaya ne, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya yi masa aski. Ba daidai ba ne a raina wannan magana, domin gari ba ya zaunuwa in ba a iya dogara da bakin mutum. Manomi yana karɓar bashin iri da bazara a kan kalma kawai, a ke ba da 'ya aure a kan kalma, a ke barin shanu hannun makiyayi shekara guda ba takarda. In aka koya wa mutane cewa akwai wurin da ya halatta a dafa Littafi da dare a warware da safe, wa ya san inda abin zai tsaya? Har wa yau suna da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a idon mutanen lokacin. Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin boko, suna tsoron in Turawa suka tafi da gaggawa mutanen Kudu ne za su cika ofisoshi. Ba a manta da 1953 ba, shekarar da wakilan Arewa suka ƙi amincewa da neman mulkin kai a 1956, aka yi musu ihu a Ikko, har abin ya kai ga tarzoma a Kano cikin watan Mayu. Saboda haka a ganinsu rarrabuwar ƙuri'ar Arewa hasara ce ga kowa, har shi magidancin, rantsuwar kuwa tamkar dabaibayi ce da a ke sa wa dabba don kada ta faɗa rijiya.

Amma fa mutum ba dabba ba ne, ranar da aka ba shi ƙuri'a kuwa an riga an yarda yana da hankalin da za a tambaya.

Samarin sawaba su kuma tasu amsar gajeruwa ce: ka karɓi kuɗinsu, ai naka ne da aka karɓa a haraji, ka shiga ɗaki ka yi abin da ka ga dama. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma sa dariya a dandali. Aibinta shi ne ta mai da yaudara wayo. Wanda ya saba miƙa hannu yana murmushi alhali ya ƙulla saɓawa a ransa ya koyi wata sana'a, ba kuwa zai ajiye ta a ƙofar rumfar zaɓe ba. Za ta bi shi kasuwa, ta bi shi gida.

Wanda ya yi karatun littattafai ko kaɗan ya san malamai ba su ɗauki rantsuwa duka abu guda ba. Sun raba tsakanin wadda mutum ya yi da zaɓinsa da wadda aka tilasta shi. Wannan kuwa mas'ala ce da Imamu Malik, wanda mazhabarsa a ke bi a ƙasar nan, ya sha bulala a kanta. A zamanin Halifa Mansur ana sa mutane su yi mubaya'a tare da rantsuwar cewa in sun warware matansu sun saku. Malik yana karantarwa a Madina cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Masu mulki suka gane inda maganar ta nufa, watau mubaya'ar dole ita ma ba ta ɗaure kowa. Gwamnan Madina ya hana shi faɗa, bai bari ba, aka yi masa dukan da har kafaɗarsa ta goce. Mai karatu ya lura, rantsuwar siyasa ce aka yi wannan gardama a kanta, shekaru fiye da 1,200 da suka wuce.

Sai dai a nan ne wahalar ta ke. A zauren mai unguwa ba wanda ya zare takobi, ba wanda ya ɗaga bulala. Sallama aka yi, aka gaisa, aka ba da goro. Shin wannan tilas ne?

A duba ko wane ne mai roƙon. Shi ne ya ke rubuta sunayen masu biyan haraji, ya san wanda za a ɗaga wa ƙafa in damina ta yi gardama. Ta bakinsa a ke sanin iyakar gona in rigima ta tashi. In aka kai mutum gaban alƙali, shaidarsa a kan halin mutumin tana da nauyi. A wancan zamani kuwa 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk a hannun En'e su ke, kuma sananne ne cewa 'yan sawaba da dama a ƙasar Kano sun sha ɗauri a kan yin lacca ba izni ko a kan an ce sun zagi sarauta. Magidancin nan ya san wannan duka tun kafin ya cire takalmansa a ƙofar zaure. Roƙon da ba ka da ikon ƙinsa ba tare da ka yi hasarar wani abu ba, ko da an yi shi da taushin murya, ya ɗauki rabo daga tilas. Ba lalle mai unguwar ya kasance mugun mutum ba. Wataƙila shi ma an kira shi gidan dagaci jiya, dagacin kuma an kira shi gidan hakimi shekaranjiya, kowa yana sauke wa na ƙasa da shi kayan da aka ɗora masa.

Ba ƙasar Hausa kaɗai aka ga haka ba. A Ingila, kafin 1872, a fili mutum ya ke faɗin wanda ya zaɓa, ana rubutawa. Mai ƙasa yana iya korar manomin da ke haya a gonarsa in ya saɓa masa, mai masana'anta kuma ya sallami ma'aikaci. Don maganin wannan ne majalisarsu ta yi dokar jefa ƙuri'a a asirce cikin shekarar nan. Ashe ɗan ɗakin nan da labulensa an gina shi ne musamman saboda irin magidancin Gwaram. Wanda ya kawo Alƙur'ani zaure kuwa abin da ya ke nema shi ne ya bi mutum har bayan labule, ya sa tsoron Allah ya yi masa aikin da ɗan doka ba ya iya yi a wurin.

Akwai kuma abin da ya fi batun tilas zurfi, watau mene ne ita ƙuri'ar. In dukiya ce kamar akuya, mai ita yana iya sayarwa, wanda ya karɓi kuɗi kuwa sai ya miƙa igiya. Amma ta fi kama da shaida. Ana tambayar mutum ne, a cikin waɗannan wa ka ga ya fi cancanta a danƙa masa al'amarin jama'a? Amsar ba shi kaɗai za ta shafa ba. Za ta shafi matarsa, wadda a 1959 ba ta da ƙuri'a, gama matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai 1976, ta shafi 'ya'yansa da makiyayin da ke daji bai ji an yi zaɓe ba. Mutumin da ya rantse zai ba da shaidar da ya san ba ita ce a zuciyarsa ba, ba malamin da zai ce masa cika. Hukuncin wanda ya rantse a kan abu sa'an nan ya ga waninsa ya fi alheri sananne ne: ya aikata wanda ya fi, ya yi kaffara, watau ya ciyar da miskinai 10, ko ya tufatar da su, in bai sami iko ba ya yi azumin kwana 3. In kuwa tilas ɗin ya tabbata, ko kaffarar ba ta hau kansa ba. Ta kowace fuska aka bi, akwatin da zuciyarsa ta natsu da shi ne ya wajaba a kansa, mafi yawan nauyin rantsuwar kuma yana wuyan wanda ya ɗauko Littafin.

Wani abin tausayi shi ne, wannan dabara ta cuci ita kanta jam'iyyar. A cikin 'yan fartanya na ƙauye akwai mutanen kirki da yawa waɗanda suka yi ta taka sayyada daga kasuwa zuwa kasuwa, ba ko kwabo, suna bayyana wa mutane dalilinsu, suna jawo su da hujja. Ƙuri'ar da irin waɗannan suka samo da guminsu ta faɗa akwati guda da wadda aka samo da tsoro, ba mai iya rarrabewa. A zaɓen 1959 NPC ta ci kujeru 134 cikin 174 na Arewa, NEPU ta sami 8. Nawa ne na yarda a ciki, nawa ne na zaure? Shugabannin da ke Kaduna su ma ba su da hanyar sani. Soja suka karɓi mulki a Janairu 1966, aka rushe jam'iyyu, daga baya aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Da aka komo zaɓe a 1979, Jihar Kano, har da Birnin Kudu da Gwaram a cikinta, ta koma hannun gwamnan PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, Abubakar Rimi kuwa yana hawa ya soke haraji da jangali. Ba za a ɗora wannan duka a kan rantsuwar dare ba, domin shekara 20 ta wuce, yara sun girma, mata sun shigo layi. Amma ya isa ya nuna cewa shirun talaka a zaure ba ma'aunin zuciyarsa ba ne.

Saura sule biyu. Su kam ba halalinsa ba ne, ko ya jefa wa fartanya ko ya jefa wa tauraro, gama ladan shaida aka ba shi, shaida kuwa ba a karɓar mata lada. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ya mayar wa wanda ya ba shi. To, amma ranar da ya shiga zauren mai unguwa da sule biyu a tafin hannu, ya yaye labulen da doka ta rufa masa, kowa ya san akwatin da ya jefa, watan biyan haraji kuwa yana tafe. In yana da ƙarfin zuciyar ɗaukar abin da zai biyo baya, ya mayar, ya fi. In ba shi da shi, ga mata biyu da 'ya'ya da tsohuwa a gida, abin da ya rage masa shi ne ya fitar da kuɗin daga aljihunsa ba tare da ya ci ko anini ba, ya sa a ƙoƙon wani makaho ran kasuwar Sara, ya kama bakinsa.