Sadakar Bakin Titi

Mahaifiyata ba ta yarda a sallami mai bara hannu rabbana. Ko tukunya ta ƙare, sai ta sa a kankaro ƙanzo a ba shi, tana cewa ba ka san wanda Allah ya aiko ƙofarka ba. Yayana kuwa, wanda muke shago ɗaya da shi a Kantin Kwari, ya yi hannun riga da wannan ra'ayi. A wurinsa duk wanda ya miƙa wa mabaraci kuɗi a titi ya ƙara wa bara tsawon rai, kuma yana da kamasho a zunubin lalacewar Arewa. Dukansu masu tsoron Allah ne, dukansu suna fitar da zakka, kuma kowanne yana da abin kafa hujja daga addini. Inda ni na tsaya bai gamsar da ko ɗayansu ba, amma ina ganin zan iya kare shi.

Hujjar Inna a fili take. Suratud Duha ta hana a yi wa mai roƙo tsawa. Suratuz Zariyat da Suratul Ma'arij sun yabi bayin da suka san akwai hakkin mai roƙo da na wanda ya rasa a cikin dukiyarsu. Akwai kuma labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya fita da sadakarsa cikin dare, ta faɗa hannun ɓarawo, wani daren ta faɗa hannun mazinaciya, wani daren hannun mawadaci. Gari ya yi ta maganarsa, amma aka sanar da shi cewa an karɓi sadakarsa duka, don mai yiwuwa ta zama sanadin shiriyar kowannensu.

Yaya ma ba da ka yake magana ba. Yana kawo hadisin Ƙabisa da ke cikin Muslim, wanda ya taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sasanta jama'a, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kayar har mutum uku masu hankali daga danginsa suka shaida. Yana kawo gargaɗin da aka yi wa wanda ya mayar da roƙo sana'a, cewa zai tashi ranar ƙiyama babu tsokar nama a fuskarsa. Wanda ya fi so shi ne labarin mutumin Madina da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya zo roƙo aka mayar da shi mai saran itace.

Abin da na lura da shi shi ne waɗannan nassoshi ba da mutum ɗaya suke magana ba. Na Yaya suna jan kunnen mai roƙo ne. Na Inna suna magana da mai bayarwa. Ni kuwa a wannan mu'amala mai bayarwa ne, saboda haka ba ni da ikon ɗauko gargaɗin da aka yi wa wani in mayar da shi uzurin rufe aljihuna. Labarin mai saran itacen ma in an bi shi daki-daki ya fi ƙarfin mai son ya ce "je ka nemi sana'a" ya ɗaga gilashin mota. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi mutumin abin da ya mallaka a gida. Aka kawo ɗan mayafi da ƙoƙon shan ruwa. Ya yi gwanjonsu da kansa har suka kai dirhami 2, ya ce a sayi abinci da ɗaya a kai wa iyali, a sayo gatari da ɗayan. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya ɗibar masa kwana 15, mutumin ya dawo da dirhami 10. Duk wanda ya riƙi wannan hadisi hujja ya ɗauki nauyin da ya fi na mai miƙa naira ɗari. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce, "To, ai gwamnati ce za ta yi wannan." A nan muka rabu a ranar.

Ranar Juma'a layinmu na kasuwa ba ya rabuwa da masu bara tun hantsi. Muna da gwangwanin da muke tara canji dominsu. Akwai wani dattijo makaho da ke zuwa, wata yarinya na riƙe da bakin sandarsa, yana rera baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Muryarsa ta dushe amma bai taɓa karya baiti ba, kuma har masu ƙin ba da sadaka sukan sassauta ciniki in ya tsaya. Irinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, jama'a ta san su, ta ware musu matsayi, ta ɗauki ciyar da su a matsayin nauyinta. Wannan dattijo ba na tsayawa tunani kafin in ba shi.

Akwai kuma wasu da shekaru goma da suka wuce ba mu cika ganinsu ba: mata masu goyo, harshensu na Zamfara ko na yammacin Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu. Ana gane su da rashin iya baran. Ɗaya ta tsaya a bakin shagonmu ta ce, "Sannu da kasuwa, Alhaji. Ya iyali? Ya gajiya?" Ta yi ta gaisuwa kamar wadda ta zo biki, sannan ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Da na tambaye ta daga ina, ta ambaci garinsu, ta ce bara warhaka tana da rumbu biyu da awaki. Wannan mata tana cikin mutum ukun hadisin da Yaya yake kawowa, sahu na biyu, wanda masifa ta share dukiyarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma sai ga wani sabon ayari, maza masu tsabtar tufa waɗanda ke rage murya in za su yi magana.

Na san akwai 'yan damfara. Na san mai takardar asibitin da ta tsufa har ta yage a lanƙwasa, da wanda kullum kuɗin motarsa ke ƙarewa a hanyar komawa gida. In na gane mutum sarai, nakan ce masa Allah ya ba da haƙuri, ba tare da na ci masa fuska ba. In ban gane ba nakan ba shi. In ƙarya ya yi, na yi asarar ɗan canji, shi kuma ya ɗauki alhaki. In gaskiya ya faɗa na hana shi, ya kwana da yunwa da hannuna a ciki. Waɗannan asarori biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba a ɗora mini binciken zukata ba.

Inda na saɓa wa Inna shi ne kan yara, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ba na ba yaro kuɗi a titi.

Baran da Inna ta sani tun tana ƙarama na abinci ne. Almajiri ya ɗauki ƙoƙonsa bayan an tashi karatu, ya bi gidajen unguwa yana cewa ko ɗan ƙanzo, iya, ya samu ya ci, ya koma kan allonsa. Yawancinsu suna da uwar ɗaki, gidan da ake ajiye musu tuwon dare, su kuma su yi ɗebo ruwa ko aike. Matar gidan ta san sunansa, ta san malaminsa, in bai zo kwana biyu ba za ta aika a duba. Wannan daban yake da yaron da ke ratsa tsakanin motoci a danja da tsakar rana, yana ƙwanƙwasa gilashi, babu wanda ya san daga inda ya fito. Abinci yana ƙarewa a cikin yaron. Kuɗi kuwa suna da inda suke zuwa. Wani lokaci kuɗin laraba ne na malam, wanda shi ma sau da yawa ba shi da albashi ko gona. Wani lokaci babban yaro ne ke ƙwacewa. Wani lokaci kuma babba ne yake zaune a inuwa yana jiran a kawo masa.

Wanda ke ganin na tsaurara ya tuna abin da ya faru a watan Oktoban 2013 a hamadar arewacin Nijar, bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motoci suka lalace, ƙishirwa ta kashe mutum 92, kuma 52 daga cikinsu yara ne. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, kuma hanya ce da aka san mata na bi da yara don zuwa bara a garuruwan Aljeriya. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta kwaso ɗaruruwan mutanenta da jirgi daga birnin Dakar na Senegal, inda suke bara a tituna, kuma yara sun yi yawa a cikinsu. Me ya sa ake ɗaukar yaro a ratsa hamada da shi? Domin an gwada an gani, hannu ya fi saurin buɗewa in yaro ne ya miƙo nasa. Masu tausayi ne suka sa wa yaro farashi ba da saninsu ba. Duk sanda na sa kuɗi a tafin yaro a bakin titi, na shaida wa wani babba cewa ajiye shi a nan ya fi kai shi makaranta ko gona riba.

Wannan ba ya nufin in wuce yaro yana jin yunwa. In yaro ya ce mini yunwa, akwai mai ƙosai, akwai mai awara, akwai mai garau-garau a kowace kwana ta Kano. Sai in biya, in tsaya har a zuba masa. A gida kuma muna da almajirin da ke karɓar abincin dare. Mun san ƙauyensu, na je na gaisa da malaminsa, kuma lokacin da ƙazuwa ta kama shi maiɗakina ce ta lura da yadda yake susa, aka nema masa magani. Ba mu warware matsalar almajirci da wannan ba, amma yaro ɗaya ya samu gidan da za a tambaya in ya ɓace.

Yarinyar nan mai jan makaho ita ce ta fi damuna a duk tsarin nawa. Kuɗin da nake ba dattijon halal ne gare shi, amma su ne kuma ke riƙe da ita a bakin sanda a lokacin da sa'o'inta ke aji. Na taɓa yi masa maganar. Ya ce, "Ɗana, jikata ce. In ta tafi makaranta wa zai kai ni?" Har yau ina ba shi, kuma har yau tambayarsa tana nan.

Gwamnatoci sun gwada tasu dabarar. Kano ta yi dokar hana bara a 2013, Kaduna ta yi tata a 2016, Kano ta sake shelar hana barar almajirai a watan Fabrairun 2020, a waccan shekarar ta korona kuma gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Abuja ma ta yi nata kamen a 2024. Kowane karo titi yakan yi fayau na 'yan makonni, sannan a dawo, domin abin da ya fito da su yana nan inda aka bar shi.

Akwai wani ɓangaren da mu masu bayarwa ba mu cika son a taɓo ba. Sadakarmu da yawa don kanmu muke yin ta. Mutum zai yi tafiya, ko ya yi mummunan mafarki, ko yana neman muƙami, sai a ce masa ya yi sadakar waina ko farin goro, ya fita neman hannun da zai karɓa. Marubuciyar Senegal Aminata Sow Fall ta gina littafinta na 1979 a kan haka, inda mabaratan birni suka yi yajin aiki, manyan gari suka rasa inda za su kai sadakarsu. Ba laifi ba ne mutum ya nemi tsari da sadaka, mun taso muna jin cewa sadaka maganin masifa ce. Amma in buƙatata ce kaɗai ta fito da ni, ba zan damu da ko wane ne ya karɓa ba, ko me kuɗin za su yi masa. Nan ne sadakar titi take da haɗari ga mai bayarwa. Tana da arha, ba ta ɗaukar minti guda, kuma tana sa mutum ya ji ya sauke nauyin talakawa gaba ɗaya.

Alhali aya ta 273 a Suratul Baƙara ta nuna wasu mabuƙata daban, waɗanda saboda kamun kansu wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne, ba sa nace wa mutane da roƙo. Waɗannan ba za ka same su a danja ba. Suna cikin lungunmu: malamin firamaren da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ɗan dakon da ke sauke mana diloli wanda bayansa ya fara ciwo amma bai faɗa wa kowa ba. Mai bara ya riga ya sanar da buƙatarsa, kuma mutum ɗari za su wuce ta gabansa a yini. Wanda ya rufe ƙofarsa ya yi shiru ba shi da kowa sai maƙwabcin da ya lura. Saboda haka canji na titi ne, amma kaso mai tsoka na waɗannan ne.

Wani dattijo a layinmu ya nuna mini yadda ake isa gare su ba tare da an kunyata kowa ba. Ya ce in je wurin mai shagon unguwa ko mai awo, domin shi ya san gidan da a da ake auna kwano biyu yanzu aka koma rabi, kuma shi ke riƙe da littafin bashi. Sai a ce ya buɗe littafin, a biya na gidan da ya fi nauyi, ya soke layin, in sun zo ya ce musu an biya, kada ya faɗi suna. Wannan ya fi sadakar titi cin kuɗi nesa ba kusa ba, babu mai yi maka addu'a a gaban jama'a, kuma ba a gama shi a rana ɗaya, don kafin wata ya zagayo shafin gidan ya sake cika, sai ka sake komawa wurin mai shagon.