Ko Fargaba Rashin Bangaskiya Ce?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin irin wannan a majami'a. Ana tsakiyar Misa, sai wata mace ta miƙe firgigit ta nufi ƙofa, tana haki, gumi na keto mata, hannunta dafe da ƙirji. A bi ta, a yi mata fifita, a ba ta ruwa. Bayan minti 20 ta dawo cikin hayyacinta. Washegari a kai ta asibiti, a auna, a ce zuciyarta lafiya lau take. Daga nan sai raɗe-raɗi su fara. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu ne, wasu kuwa su ce da tana da bangaskiya sosai da ba ta firgita a gaban bagadi ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ciwo, domin mai fama da abin yakan yarda da ita, ya ɗora wa kansa laifi a kan wahalar da yake sha. Saboda haka ya kamata mu tambaya: ko fargaba zunubi ce?

Mu fara da sanin abin da ke faruwa a jiki. Allah ya halicce mu da abin da ke faɗakar da mu in haɗari ya tunkaro. Wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona ya san amfanin wannan. Amma wani lokaci ƙararrawar takan kaɗa ba tare da maciji ba. Saurin numfashi ya sa jiri, yatsu da leɓɓa su yi zugi, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo. Abin yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10, sa'an nan ya lafa. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma shi kansa ba ya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

To, me Ikkilisiya take koyarwa? Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana a lamba ta 1767 cewa motsin rai, irin su tsoro da baƙin ciki, a karan kansu ba nagarta ba ne, ba kuma mugunta ba ne. Sai hankali da nufin mutum sun shiga ciki ake auna su. Zunubi yana bukatar sani da yarda. Wa ya taɓa zaɓar zuciyarsa ta yi ta dukan uku-uku da tsakar dare? Abin da ya faɗo wa mutum ba da nufinsa ba, kaya ne da yake ɗauke da shi, kamar zazzaɓi ko hawan jini.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba. Annabi Iliya, bayan nasararsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji saboda barazanar Yezebel, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya yi magana da shi. Fiye da wannan, Ubangijinmu Yesu da kansa ya shiga matsanancin ƙunci a Getsamani, har Luka ya ba da labarin guminsa yana ɗiga kamar jini. Shi wanda ba shi da zunubi ya ɗanɗana wannan, ya kuma roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi. In ƙuncin rai zunubi ne, da bai same shi ba.

Wani zai ce, ai a Matiyu sura 6 Ubangiji ya hana mu damuwa. Gaskiya ne. Akwai damuwar da muke kiwo da hannunmu: kwaɗayin tara dukiya, da son riƙe gobe a tafin hannu kamar babu Allah. Wannan tana bukatar tuba. Amma maganar Yesu a wurin kira ce ta Uba ga 'ya'yansa su dogara gare shi, kuma mutum yana iya dogara ga Allah alhali gwiwoyinsa na rawa. Waliyyi Faransis na Sales, yana ɗalibi a birnin Paris wajen 1586, ya yi makonni cikin firgitar cewa Allah ya yashe shi, har ya rame. Ya miƙa kansa ga ƙaunar Allah tun tsoron bai sake shi ba. Daga baya ya zama bishop da aka sani da taushin hali ga masu raunin zuciya.

Ina alhakinmu yake ke nan? Yana cikin abin da muka yi da wannan kaya. Mai fama da fargaba yana da hakkin kula da ran da Allah ya ba shi amana. Ya je asibiti a duba shi, domin ciwon zuciya da na maƙoƙo sukan zo da alamu masu kama da waɗannan. In abin ya taso, ya zauna, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, yana tuna wa kansa cewa zai wuce. Gajeriyar addu'a da ake maimaitawa tare da numfashi takan taimaka. Ya rage goro da kofi, ya guji giya da ƙwayoyin da likita bai rubuta ba. Kada ya ƙaurace wa majami'a ko kasuwa don abin ya taɓa kama shi a can, gama gudu yana ƙara wa tsoro ƙarfi. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararru, akwai kuma na sha, a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware, da na Maiduguri. Sura ta 38 ta Littafin Sirak ta koya mana girmama likita tare da yin addu'a. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Sauran alhakin kuwa namu ne, mu jama'ar Ikkilisiya. Almajirai uku sun yi barci a daren da Ubangiji ya nemi su zauna da shi. Kada mu maimaita wannan. In muka ga ɗan'uwa ya firgita, kada mu taru a kansa da ihu. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana a hankali har abin ya lafa. Zumuntar mata, da matasa, da katikis su raka shi asibiti, su rufa masa asiri, su ajiye masa wurinsa a benci ranar Lahadi mai zuwa.

Bari Uwargida Maryamu, wadda ta yi kwana uku tana neman ɗanta cikin damuwa, ta yi roƙo domin dukan masu fargaba a cikinmu. Amin.