Laifin Wa, Mai Hannu Ko Mai Fitila?

'Yar'uwa, sau nawa kika ji a rediyo an ce "sakacin ma'aikaci ne" bayan wani hatsari, kika gyaɗa kai kika ci gaba da tankaɗenki? To tsaya ki ji wannan.

Ranar 28 ga Maris 1979, wajen ƙarfe 4 na asuba, a tashar lantarki ta nukiliya da ake kira Three Mile Island a ƙasar Amurka, wani bawul ya buɗe, daga nan ya ƙi rufuwa. Ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliyar ya yi ta zurarewa. A ɗakin ma'aikata akwai 'yar fitila wadda in ta mutu suke ɗauka bawul ya rufe, kuma ta mutu ɗin. Ashe ba halin bawul take nunawa ba, umarnin rufewa da aka aika kawai take nunawa. Kamar ki aiki yaro ya kashe famfo, ki ce ai an kashe don kin ga fitarsa.

Cikin 'yan mintuna ƙararrawa fiye da 100 suka ɗau kuka, wacce za su saurara? Suka zaci ruwa ya yi yawa, suka rage na gaggawa da hannunsu. Sai bayan fiye da awa 2 wani da ya shigo aiki da safe ya gane, ya toshe hanyar. Kusan rabin cikin tukunyar ya narke, har gwamna ya shawarci masu juna biyu da ƙananan yara su bar yankin.

Sun yi kuskure, ba musu. Amma ni dai na kasa ɗora musu laifin duka. Wanda ya zauna da rana tsaka, hankalinsa kwance, ya tsara fitilar nan, ai ya san mutum tara yake bai cika goma ba, kuma mai kwanan aiki ne zai dube ta cikin firgici.

Wata za ta ce, to ai kowa sai ya fake da injin. Haka ne, akwai ganganci na gaske. Sai dai in kika zuba kananzir a kwalbar lemo kika ajiye gindin randa, yaro ya kurɓa, ina jin ba shi za ki fara tuhuma ba. Kwamitin binciken da Shugaba Jimmy Carter ya kafa ma bai tsaya kan ma'aikatan ba, ya tuhumi horon da aka ba su da tsarin ɗakin kansa. Daga baya aka wajabta wa irin waɗannan tashoshi sa alamar da ke nuna ainihin halin bawul.