Fushin da ka ɗauko daga kasuwa, na wane ne?



Ga tambayar da za mu duba tare yau. Mutum ya tashi da safe lafiya lau, ransa fari. Ya gamu da mai fushi a hanya. Kafin azahar shi ma ya cika ya yi fam. To, wannan fushi na wane ne? In ya kai shi gida ya sauke a kan iyalinsa, laifin wa? Wasu za su ce laifin wanda ya fara ne. Wasu za su ce kowa da zuciyarsa, kowa ya riƙe tasa. Kafin mu yanke magana, sai mu fara ganin yadda abin ya ke tafiya.

Zuciya tana ɗaukar abin da ke kusa da ita

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba kai ka ɗauki kayan ba, amma ƙurar ta same ka. Galibi a kan hali a ke faɗin wannan magana. Amma akwai abin da ya fi hali saurin kama mutum: murna, da fushi, da tsoro, da baƙin ciki. Hali sai an daɗe tare. Waɗannan kuwa cikin minti guda su ke tsallakawa daga wani zuwa wani.

Ka lura a wurin hira da dare. Mutum guda ya yi hamma, sai na kusa da shi ya yi, sai na can gefe ya yi. Ba wanda ya yi niyya. Ka lura a filin kokowa. An kada wani, sai ka ga kanka tsaye kana kuwwa, alhali ko sunan ɗan kokowar ba ka sani ba. Ka lura a wurin gayya. Gonar da ta ke gundurar mutum in shi kaɗai ne, in an taru ana kiɗa ana kirari, sai rana ta take tsaka ba a sani ba. Hauyar ita ce dai, ƙasar ma ita ce dai. Mutanen da ke gefenka ne suka sauya maka nauyin aikin.

Masu binciken halin ɗan adam sun duba yadda haka ke faruwa. Sun ga cewa in ka dubi mai murmushi, naman fuskarka ya kan motsa kaɗan yana kwaikwayonsa, ko da kai ba ka ji ba. In ka dubi mai ɗaure fuska, girarka ita ma sai ta fara haɗuwa. In aka ɗaga maka murya, sai bugun zuciyarka ya ƙaru, numfashinka ya gajarta, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Jiki ne ke fara amsawa. Tunani sai daga baya ya ke isowa.

Tun daga goyo

Matan da suka haihu a gidan likita sun san wannan: jariri guda ya fara kuka, sai sauran su kama. Ba yunwa ba ce ta same su lokaci guda. Kukan ɗan uwansu suka ji.

A shekarar 1985 wasu masana a Amurka suka bayyana wani gwaji da suka yi da yara ƴan shekara guda. Sun aza yaro a kan tebur mai rufin gilashi mai ƙarfi. A tsakiyar tebur ana hango ƙasa ta cikin gilashin, kamar akwai ɗan rami. Uwa tana tsaye a wancan gefe. Yaro ya rarrafo har bakin ramin, ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Inda uwa ta nuna tsoro a fuska, cikin yara 17 ba ko guda da ya ƙetare. Inda uwa ta yi fara'a, yara 14 cikin 19 suka ƙetare.

Kai ma ka sha ganin irin haka a tsakar gida. Yaro ya faɗi, kafin ya yi kuka sai ya dubi uwarsa. In ta zabura ta yi salati, ya ɓarke da kuka. In ta ce “tashi, jarumi”, ya kakkaɓe jiki ya koma wasa. Yaro bai san duniya ba tukuna. A fuskar manya ya ke duba ko lafiya ko ba lafiya ba.

Abin yana iya kama taro guda

Ba yara ƙanana kaɗai ba. Ga wani labari na gaskiya daga gabashin Afirka. A watan Janairu na 1962, a ƙasar Tanganyika, wadda yau ta ke cikin Tanzaniya, akwai makarantar kwana ta ƴan mata a ƙauyen Kashasha. Ƴan mata uku suka fara dariya, suka kasa bari. Dariyar ta kama wasu, tana gauraye da kuka. Cikin ɗalibai 159, sai da ta kama 95. A watan Maris aka rufe makarantar. Da ƴan matan suka koma gida, abin ya bi su har garuruwansu. Likitoci suka auna jini, ba su ga ƙwayar cuta ba, ba su ga guba ba. Masana da yawa suna ganin damuwa ce da matsi suka taru a zukatan yaran, suka fito ta wannan hanya.

Ƙaramin irin wannan yana faruwa a kasuwanninmu. Mutum biyu sun sheƙa da gudu, sai kasuwa ta watse. In ƙura ta lafa ka tambayi abin da aka gudar wa, ba mai iya faɗa maka.

Fushi gangare ya ke bi

Yanzu mu koma ga tambayarmu. A ce maigida ya kai rago kasuwa. Dillali ya taya da wulaƙanci, har ya gaya masa baƙar magana gaban mutane. Maigida bai iya ramawa ba, don dillalin yana binsa bashin jika biyar. Ya komo gida da ragonsa. Matarsa ta kawo masa ruwa, ya ce ruwan da zafi, ya yi mata tsawa. Ita ba ta iya mayar masa. Ta juya ta ga ɗiyarta ta zubar da ɗan gari, ta kai mata mari. Yarinya ta fita tana kuka, ta ture ƙanenta. Shi kuma ya ɗauki dutse ya jefi akuya.

Ka duba hanyar da wannan fushi ya bi. Bai koma wajen dillali ba. Daga mai ƙarfi ya sauka kan mai rauni, daga nan ya sauka kan wanda ya fi rauni. Haka ruwa ke yi, inda ya ga gangare can ya ke bi. Wanda ya sha mari bai san kasuwa ba, bai san kuɗin rago ba.

Don haka nauyin bai zama ɗaya a kan kowa ba. Maigida, da uwargida, da uwar miji, da maigari, da malami, da shugaban ƙungiya, fuskarsu a ke fara duba da safe. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. In babba ya fito a murtuke, gida duka sai ya yi tsit, yara su laɓe, tuwo ma ba ya ciwuwa da daɗi.

To, laifin wa?

Ga abin da na ke gani. Zuciya tana da ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Abin da ya shigo maka ba laifinka ba ne. An ɓata maka rai, ranka ya ɓaci, haka aka halicci ɗan adam. Kada ka zargi kanka a kan wannan. Amma ƙofar fita, kai ke riƙe da ita. Dillali ya ɗauki alhakin baƙar maganarsa. Tsawar da aka yi wa mai kawo ruwa kuwa, alhakinta na kan maigida.

Wani zai ce: “Ni haka na ke, zuciyata da zafi, in ta taso ba ni iya tare ta.” Sai mu tambaye shi: gaban surukinka fa? Gaban sarki fa? Gaban wanda ke binka bashi fa? Can duka yana iya haɗiye magana, har ya yi murmushi. Ashe yana iyawa. Yana dai zaɓen inda zai sauke, inda ya san ba za a rama ba.

Ba cewa a ke yi ka haɗiye komi ka yi shiru ba. Fushin da aka rufe ya kan fito ta ido da ta tafiya, iyali kuma suna gani. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka faɗi inda ka ɗauko shi. Ka ce: “Yau an ɓata mini rai a kasuwa. Ba ku ba ne. Ku ba ni ɗan lokaci.” Wannan ƴar magana tana da amfani ƙwarai. Matarka ba za ta kwana tana neman laifin da ta yi ba. Yara ba za su zaci an daina son su ba. In ka ji abin ya yi maka yawa, kada ka shiga gida da shi da zafinsa. Ka zauna gindin itace, ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka bari numfashi ya daidaita.

Ke ma uwargida, haka ne tsakaninki da ɗiyanki, da abokiyar zamanki, da matar ɗanki.

Mu guji mai baƙin ciki ke nan?

Wani zai ce: “Tun da abin yana kama mutum, sai in nisanci duk mai damuwa, in zauna da masu dariya kaɗai.” Wannan shawara ba ta da kyau. Akwai bambanci tsakanin mutum biyu. Akwai wanda ya mai da zuga da tsegumi sana'a, kullum ka tashi daga wurinsa sai ka ji kana jin haushin wani. Wannan ka rage zama da shi. Akwai kuma wanda wahala ta faɗa wa. Wannan kai ya ke bukata.

Kakanninmu sun gane cewa hanyar da baƙin ciki ke bi ya fito, ita ce natsuwa ke bi ta shiga. Shi ya sa a ke zaman makoki. Ba wata magana mai yawa a ke yi ba. A yi gaisuwa, a yi addu'a, a zauna. Kowa ya tashi da ɗan nauyi a zuciya, mai rashi kuma ya ji nasa ya ragu. Shi ya sa kuma aka bar mana wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, ko na Fulani da Arawa. Rai ya fara ɓaci, taubashi ya jefo tsiya, aka yi dariya, magana ta mutu. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin abubuwan gadon duniya da ya kamata a kiyaye.

Kusanci kuma yana da muhimmanci. A garin Framingham na Amurka an bi rayuwar mutum 4,739 har shekara 20, daga 1983 zuwa 2003. Aka ga cewa in abokin mutum ko maƙwabcinsa na kusa ya shiga farin ciki, shi ma ya fi yiwuwa ya shiga. In abokin yana nesa, abin ba ya da ƙarfi haka. Mu dai tun da daɗewa mun ce zumunci a ƙafa ya ke. Gaisuwa ta waya tana da daɗi, amma ba ta kai zuwa a zauna a tabarma guda ba.

Sai dai mu tuna da waɗanda a ke mantawa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, kowa ya koma harkarsa, mai takaba ta rage ita kaɗai a ɗaki. Akwai matar da mijinta ya tafi bida, wata da watanni ba labari. Akwai mai jego da aka watse bayan suna, ta kasa barci, ta kasa jin daɗin jaririnta. Akwai tsohon da sa'o'insa suka ƙare. Ku leƙa su. In kun ga baƙin ciki ya wuce sati biyu bai sassauta ba, mutum ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya son magana, to zama kaɗai bai isa ba. Ku raka shi wurin likita. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Abin da za mu riƙe

Ba wanda ke da zuciya tasa shi kaɗai. Muna ɗauka daga mutane, mutane suna ɗauka daga gare mu. Ba ka da iko a kan fuskar da za ka gamu da ita gobe a kasuwa ko a bakin rijiya. Kana da iko a kan wadda za ka shiga gida da ita. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙo mu ke yi wa wannan shimfiɗa. Mutanen gida sun fi baƙo cancanta, don su ne ke kwana su tashi da mu.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna a wurin hira:

1. In an ɓata maka rai a waje, wa ya ke fara sani a gidanku, kuma ta yaya ya ke sani?
2. Wane ne a garinku in ka zauna da shi ka kan tashi da sanyin zuciya? Me ya ke yi?
3. Wane ne a unguwarku ya daɗe ba a leƙa shi ba?

Allah ya ba mu zama lafiya. Sai fitowa ta gaba.