Hadda Ko Fahimta: Wace Shaida Digiri Ke Bayarwa?

Idan jarrabawa ta gabato a Jami'ar Bayero, tun da sassafe za ka ga ɗaliban Rijiyar Lemo da Kurna a bakin titin Katsina suna jiran adaidaita sahu, kowa da takardun darasi a hannu yana motsa baki. Kashi biyu ne. Akwai mai hadda, wanda ke haɗiye shafi yadda malami ya rubuta shi, ya juye a takardar amsa, bayan mako biyu ya manta. Akwai kuma mai bin diddigi, wanda ba ya wuce layi sai ya san dalilinsa. Sau da yawa na farkon ne ke fin maki. To, ya yi laifi?

Masu kare shi suna da hujja. Bai saci amsa ba, idonsa ya hana barci. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, an matse zangon karatu, darussa suka hau kan juna, wanda ya tsaya tunani sai jirgi ya bar shi. Wasu ma cewa suke hadda gadonmu ce.

Sai dai gadon bai tsaya nan ba. Almajirin da ya sauke a allo yakan koma zaure gaban malami, ya ɗauki Ahalari, Ishmawi har Risala, ana warware masa kalma bayan kalma, yana tambaya ana ba shi amsa. Magabata sun ɗauki hadda a matsayin rumbu, sun kuma san hatsin da ke rumbu sai an sussuka an niƙa kafin ya zama tuwo.

A Hausa digiri takardar shaida ce. Jami'a na shaida wa jama'a cewa wane ya san abu kaza, su amince masa. Mai ciki da za a auna wa magani, da magidancin da za a zana wa gini, da wannan shaidar suka dogara, ba su ga makinsa ba. Wanda ya karɓe ta alhali kansa fayau, ya bar takarda tana yin shaidar zur da sunansa, ko da bai taɓa leƙa amsar kowa ba.

Nauyin bai tsaya kan ɗalibi kaɗai ba. Malamin da ke rage makin wanda ya amsa da kalmominsa, shi ke koya wa aji cewa tunani asara ne. Amma kafin a gyara wannan, akwai gwajin da ɗalibi zai iya yi da kansa: ya rufe takarda, ya bayyana wa ƙanensa darasin da Hausa. Inda ya kakare, nan karatunsa ya tsaya.